Dokar Baba Sahabi Ta Bi Ni Har Masar

Mutumin da ya yi alkawarin tarbata a filin jirgin Alƙahira bai zo ba. Na tsaya bakin ƙofar fita da jaka a kafaɗa, raket biyu, sandunan buga ƙwallo, suna leƙowa daga cikinta, ina duban duk wanda ya ɗaga kwali mai suna. Babu kwalin da aka rubuta Lawali. Na kira lambarsa har wayata ta yi zafi, wata mata tana ta maimaita mini magana ɗaya da Larabci, sai daga baya na gane cewa take yi layin a rufe yake. Duk da haka tsoro bai kama ni nan take ba, don hankalina ya rabu biyu, rabi na neman mutumin, rabi na kallon ginin. Ni da girman gini ya ƙare mini a tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda da benayen Legas da na hanga ta tagar mota, sai ga ni cikin rumfa ɗaya da za ta haɗiye kasuwar hatsin Kaura har da 'yan dakonta.

Kaftin Adil ake kiran mutumin. Ya gan ni a wata gasa a Legas, ya riƙe hannuna yana jujjuyawa, ya ce akwai kulob a Alƙahira da ke jirana da ɗaki da abinci da mai horarwa. A kan maganarsa mahaifina ya kora bijimin nomansa daga Zurmi zuwa kasuwar Shinkafi. Bijimi ya tafi, Kaftin ya karɓi abin da ya kira kuɗin rajista, ni kuma aka buga mini biza ta ɗan lokaci. In kulob ya ɗauke ni, a yi mini takardar zama. In bai ɗauke ni ba, biza ta ƙare in koma gida da raket biyu da labarin bijimi.

Wasan da ya kawo ni sunansa sikwash. A gida in na faɗi sunan sai a ce in sake faɗa. Innata, 'yar Shinkafi, ta fi kowa iya bayaninsa ga maƙwabta: “Mutum biyu na, su shiga ɗaki su ruhe ƙohwa, su yi ta bugun bango har su gaji. Bangon bai yi musu komi ba.” Kuma ba ta yi ƙarya ba. Ƙwallon roba ce baƙa, ba ta wuce lemun tsami ba. Ka buga ta a bango, abokin wasanka ya mayar da ita kafin ta taɓa ƙasa sau biyu, wanda ya kasa ya ba da maki.

Ina nan tsaye ina zagin wayata da Hausa sai na ji an dafa ni ta baya. Wani dogo ne da jallabiya da tabarau.

“Kai, ɗan ina na?”

“Zurmi,” na ce.

“Subhanallahi! Mi ya kawo mutumin Zurmi nan da sandunan ga?”

Sunansa Malam Nafi'u, ɗalibin addini ne ɗan wajen Gusau, ya zo karɓar saƙo daga hannun wani fasinja. Ya saurari labarina bai katse ni ba. Da na gama ya karɓi jakata ya rataya, ya ce in biyo shi, dare bai yi ba amma a garin nan mutum kan ɓata da rana tsaka. Ɗakinsu na can saman wani bene, ɗalibai cike, littattafai sun fi tukwane yawa. Suka matsa mini wuri, suka turo mini kwanon wake da wani burodi mai faɗi kamar faifai. Na kwance ƙullin yaji da hocen da Inna ta cusa mini a jaka, kafin ka ce me an wawashe hocen, wani ɗan Talata Mafara har da hawaye. Ban yi masa dariya ba, don nawa ma suna kusa.

Washegari Malam Nafi'u ya bar darasinsa ya raka ni kulob ɗin da aka ce yana jirana. Mai gadi ya kai mu ofis, wata mata ta duba kwamfuta ta girgiza kai. Ba su da wani Kaftin Adil. Ta ce kafin ni wani saurayi ya zo daga wata ƙasa da irin wannan suna a bakinsa da irin wannan jaka a kafaɗarsa. A ranar ne kuma na ji cewa a Masar duk mai koyar da wasa kaftin ne, har wanda bai taɓa koyar da kowa ba. Sai na ga bijimin mahaifina yana tafiya a hanyar Shinkafi yana waiwaye. Matar ta dube ni, ta ga abin da ta gani, ta ce tun da na zo daga nesa in hau sama in yi kallo kafin in tafi.

Da na hau sai na manta an cuce ni. Ɗakunan wasa ne jere, bayan kowanne gilashi ne garau, ƙasan katako mai sheƙi, sanyi na sauka daga rufi. 'Yan mata da kallabi suna dukan ƙwallo, ƙarar na tashi ko'ina kamar ranar sussukar gero a unguwa. Ban taɓa sanin ƙwallon nan tana iya gudu haka ba. Ban taɓa sanin ana iya tsayawa a bayan mutum ana ganin yadda ƙafarsa ke tunani kafin hannunsa ba. Na riƙe ƙarfen baranda ina ta faɗin ikon Allah, Malam Nafi'u yana amsa mini duk da bai san abin da nake gani ba.

Sai idona ya faɗa kan wani bokiti a bakin ƙofar wani ɗaki, cike da ƙwallaye har baki. Wani mai horarwa ya ɗauki ɗaya, ya matsa ta da yatsa, ya yatsine fuska, ya jefa ta kwandon shara. Lafiyarta ƙalau, gogewa kawai ta yi. Na ji kamar an zubar da tuwo a gabana. Na sauka, na bari ya juya baya, na sa hannu a kwandon na ɗauke ta na jefa aljihu.

Dole in faɗi dalili. A Kaura ƙwallo ɗaya gare mu. Filinmu yana bayan tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, bango huɗu na siminti, babu rufi, mutanen da suka gina shi suka tafi suka bar wa ƙadangaru. Baba Sahabi, tsohon ma'aikacin tasha, shi ya share shi ya sa masa ƙofa. Ni karatu ya kawo ni Kaura gidan kawuna, ƙarar bangon ce ta ja ni har na leƙa, ban sake fita ba. Ƙwallon sikwash ba a sayar da ita a Kaura, ba a sayar da ita a Gusau, sai an yi sa'ar mai zuwa Kaduna ko Legas wanda zai tuna da mu. Don haka Baba ya kafa doka. Duk wanda ƙwallo ta fashe a hannunsa, ya ɗauki gawarta ya fita, ya zauna kan kututturen da ke bakin ƙofa, ba zai sake shiga ba sai an samo wata. Babu duka, babu zagi. Zama ne kawai, da idon sauran waɗanda ka hana wasa.

Abokina Murtala ya fi ni tsawo, ya fi ni ƙarfi, ya fi ni komai a filin nan. Wata rana wasa ya yi masa daɗi ya saki hannu, ƙwallo ta tsage. Ya ɗauke ta ya fita ya zauna. Muka zauna tare da shi muna kallon bango, yau, gobe, jibi. Damina ta zo ta wuce ba a samo wata ba. Ranar da aka samo, Murtala ya riga ya hau babur yana kai mutane Kasuwar Daji. Kunya ta hana shi dawowa, Baba kuma bai aika a kira shi ba. Tun daga nan duk wanda ya tashi a filin Kaura ya koyi lallaɓa ƙwallo. Ba ma dukanta, ajiye ta muke yi a kusurwa, mu ɗaga ta sama a hankali ta sauka inda mutum ba ya so. A Kaduna har suna suka sa wa abin, wai hannun Kaura. Da shi na ci gasa, da shi na kai Legas, kuma abin alfaharina a duniya shi ne ƙwallo ba ta taɓa mutuwa a hannuna ba.

Kwanakin da suka biyo baya na yi su ne a bakin ƙofofi. Wannan kulob ya ce sai ɗan mamba, wancan ya ce in dawo bayan salla. Da na samu layin Zurmi ya shiga, don ba kullum yake shiga ba, na gaya wa mahaifina gaskiya.

“Sa ya riga ya tahi, Lawali,” ya ce. “Kai dai kak ka biyo shi. Tsaya ka ga abin da Allah za ya yi.”

Abin da Allah ya yi, ta hannun wani tsoho mai ɗaure igiyar raket ya yi shi. Igiyar raket ɗina ta tsinke, aka nuna mini shagonsa a wani lungu. Ammu Fathi ake ce masa. Ya karɓi raket ɗin, ya kai kusa da ido, ya ja igiyar da farce, ya fashe da dariya har da tari. Igiyar kamun kifi ce, da ita muke ɗauri a Kaura. Ya kira maƙwabtansa su zo su gani. Na tsaya ina jin kunya kamar in nutse, amma da dariyar ta lafa sai ya tambaye ni ko da wannan na yi gasa. Na ce da ita. Ya ɗaura mini sabuwar igiya ya ƙi karɓar komai, ya ba ni shayi, sannan ya ɗauki waya ya yi ta magana da wata mata yana ɗaga hannu sama. Da ya ajiye ya ce in tafi Iskandariyya, bakin teku, in nemi Kaftin Samira. Ya ce ita kaftin ce ta gaske, kuma ba ta da daɗin baki.

Malam Nafi'u da 'yan ɗakinsu suka yi mini karo-karon tikitin jirgin ƙasa. A Kaura ni ɗan bakin tasha ne, na san jirgin ƙasa da jira, a yi ta sauraron kukansa ba a ji ba. Nan kuwa wani na fita wani na shiga. Na zauna bakin taga ban ƙifta ido ba. Gonaki kore shar har inda ido ya tsaya, ba damina ba ce, ruwa ne ke bin ƙananan hanyoyi da kansa yana shiga gona. Wani manomi yana tafe da jakinsa can nesa da gari, shi kaɗai, ba ya waiwaye. Na tuna gonar mahaifina ta nesa da ya daina zuwa. Da muka isa na bi ƙamshin gishiri har titi ya ƙare. Ruwa ne ba shi da ɗaya gaɓar. Na ajiye jaka na tsaya, ni ɗan Zurmi da gulbinmu ke ƙafewa da rani har a tona rairayi a nemi na sha. Ban san lokacin da na fara tasbihi da ƙarfi ba, wani mai sayar da gasasshiyar masara ya dube ni ya yi murmushi ya miƙo mini ɗaya.

Kulob ɗin Kaftin Samira ƙarami ne, a bayan wani tsohon bene. Ita kanta gajeriya ce, da kallabi baƙi da gwiwa ɗaya da ba ta lanƙwasuwa sosai, an ce a filin wasa ta bar ta. Ba ta tambaye ni hanya ba. Ta nuna mini ɗaki, ta turo wani saurayi, ta naɗe hannu a bayan gilashi. Na lallaɓa ƙwallo yadda na saba, saurayin ya yi ta gudu yana zamewa, na cinye shi. Ta turo wani, na cinye shi. Mutane suka fara taruwa, ana nuna wuyan hannuna da yatsa. Aka ba ni katifa a ɗakin ajiyar kaya, na kwanta ina jin duniya ta dawo daidai.

Ba ta dawo ba. Mako bai zagayo ba suka karance ni tsaf. Suka gane ƙwallona ba ta taɓa zuwa da ƙarfi, don haka suka daina tsayawa baya, suka matso gaba suna jiranta kamar kaji a bakin turmi. Waɗanda na cinye suka dawo suna cinye ni suna hira. Kaftin ta kira ni gefe ta faɗa mini yadda abin yake. Kulob na da gurbin baƙo guda ɗaya, da takardar zama. Shugaban kulob ne ke sa hannu, kuma ba ya sa hannu sai ya gani da idonsa. Za ta haɗa ni wasa da Yusuf, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasanta, kafin bizata ta ƙare.

“Hannunka ban taɓa ganin irinsa ba,” ta ce. “Amma mutum ba ya tsoron mai lallashi. In ba ka iya duka ba, lallashinka banza ne. Buga!”

Na ɗaga raket da niyyar duka har ga Allah. Kafaɗa ta tafi, gwiwar hannu ta tafi, amma daf da ƙwallo sai wuyan hannuna ya ja burki da kansa. Na sake, haka. Ta kawo bokiti ta dire a gabana, ta ce duk nawa ne, in fasa guda ɗaya ta gani. Na yi ta yi har rigata ta jiƙe, ƙwallayen nan suna komawa bokiti lafiya lau. Abin da ya fi ba ta haushi, ta kama ni da yamma ina tsince waɗanda aka zubar ina tarawa a jakar leda ƙarƙashin katifa.

“Me za ka yi da shara?” ta tambaya.

Da guntun Larabcina na Islamiyya da guntun Turanci na ba ta labarin Baba Sahabi da kututture da Murtala. Ta fara dariya, sai dariyar ta tsaya a hanya. Ta zauna kan benci ta miƙe gwiwarta mai ciwo, ta daɗe tana kallon ledar.

“Ku nawa ne a filin?”

“Muna da yawa.”

“Da ƙwallo ɗaya.”

“Da ɗaya.”

Daga ranar duk ƙwallon da ta goge, ba kwandon shara take jefa ta ba, kan katifata nake tarar da ita. Da Malam Nafi'u zai tafi hutu gida ya biyo ta Iskandariyya ya ga teku, na ɗora masa ledar ya kai Kaura.

Horo ya ci gaba, hannu bai saki ba. Kewar gida kuma ta same ni a inda ban zata ba. Ba abinci ba ne, na saba da wakensu, yajin Inna yana rufa mini asiri. Rana ce na rasa. A Kaura rana ke gasa mana ƙwallo, tana tsalle tun kafin a taɓa ta, inuwar bango tana gaya mana lokacin la'asar. Nan rufi ne da fitila, ba ka san safe ba ba ka san yamma ba. Wani lokaci ina tsakiyar wasa sai in ɗaga kai in nemi sama.

Ranar wasan, bayan la'asar, shugaban kulob ya zo da kwat da carbi ya zauna a kujerar gaba. Yusuf dogo ne mai fara'a, ya ba ni hannu ya ce Allah ya ba mai rabo. Wanda ya fara cin zagaye uku shi ya yi nasara. Na ci na farko da hannun Kaura, don komai karatun da aka yi maka, gani da ido daban ne. Ya ci na biyu da na uku, ya matso gaba ya tsaya mini a wuya. Na ƙwaci na huɗu da ƙyar, numfashina na fita kamar na mai turin kura a rairayi. A na biyar ya wuce ni, yana neman maki kaɗan ya gama. Na saci kallon shugaban ta gilashi, na ga ya zaro waya yana dubawa. Wannan ya fi cin da ake yi mini ciwo. Mutumin ya riga ya gama da ni, yana jiran a tashi ne kawai.

Yusuf ya ɗago mini wata ƙwallo sama-sama a tsakiyar fili, ya taho gaba da gudu, don ya san ajiye ta zan yi a kusurwa. Kowa a wurin ya san haka. Ni ma na san haka. Ban san abin da ya faru ba, ko fushin wayar ne, ko bijimin ne, ko Murtala. Wuyan hannuna dai bai ja burki ba. Na ji dukan tun daga diddige har haƙora. Ƙara ta tashi irin wadda ban taɓa yi ba, ƙwallo ta daki bango ta wuce Yusuf yana tsaye, ta faɗi a baya ta yi wani tsalle gurgu ta kwanta. Na je na ɗauke ta. Ta tsage gida biyu, bakinta a buɗe.

Na san dokar wasa ta duniya sarai. In ƙwallo ta fashe, alƙali ya jefo sabuwa, a ɗumama ta, a sake buga makin. Na sani kamar sunana. Amma ƙafafuna ba su tambayi kaina ba. Na sa raket a hammata, na riƙe gawar ƙwallon a tafin hannu, na buɗe ƙofar gilashi na fita, na zauna kan bencin da ke bakin ƙofa, na sunkuyar da kai ina jiran idon mutane.

Wurin ya yi tsit. Alƙali ya leƙo daga sama yana tambaya ko na ji ciwo ne, ko na janye. In na janye, wasa ya ƙare, gurbi ya tafi. Ina jinsa, amma ni dai na san na hana mutane wasa. Yusuf ya riƙe ƙofa a buɗe yana ce wa alƙali ya dakata, ya dakata. Sai na ga takalman Kaftin Samira a gabana. Ba ta yi tsawa ba. Ta buɗe yatsuna, ta ɗauke fasasshiyar, ta sa mini sabuwa fil a tafin hannu, mai sanyi, ta naɗe yatsuna a kanta. Ta nuna ƙofa da haɓa.

Na koma ciki. Aka sake makin, dukan da na yi bai shiga lissafi ba. Amma Yusuf bai ƙara matsowa gaba ba. Ya koma baya yana tsaron duka, kusurwoyin gaba suka buɗe mini kamar an share su. In ya matso in daka, in ya ja baya in ajiye. Ashe haka wasan yake! Shekara da shekaru rabinsa nake bugawa. Na kamo shi muka yi kunnen doki, aka yi ta ja, mutane suna ihu da sunan da ba su iya faɗa daidai ba. A ƙarshe ya fi ni numfashi, ya cinye. Ya rungume ni yana haki, ya ce in na ƙara wata biyu a nan ba zai yarda a haɗa mu ba.

Na fito na tsaya gefe ina goge fuska, ina lissafin yadda zan faɗa wa mahaifina. Shugaban kulob ya mayar da waya aljihu tun ban lura ba. Kaftin tana yi masa magana a hankali, fasasshiyar ƙwallon na hannunsa yana jujjuya ta. Ya taso ya zo inda nake, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce gobe in kawo fasfo ofis. Ya miƙo mini ƙwallon ya ce wannan tawa ce.

Layin Zurmi bai shiga ba a ranar, sai na kira Kaura. Baba Sahabi ba ya riƙe waya, lambar Murtala na kira, ya ce yana kusa, bari ya kai masa. Na ji kukan babur, na ji ya mutu, sannan na ji ƙarar da na sani tun ina yaro, bango na amsa ƙwallo. Ledar Malam Nafi'u ta isa.

“Baba, Lawali na. An ɗauke ni.”

“Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi, ɗana.”

“Baba, akwai wata magana. Na hwasa ƙwallo.”

Ina jin numfashinsa, ina jin yara na gardamar maki a bayansa.

“Da ƙarhi?” ya ce.

“Da ƙarhi, Baba.”

“Ka hita?”

“Na hita. Na zamna.”

“An samo wata?”

“Tun ban gama zama ba anka samo.”

“To mi kaka yi waje? Koma ciki.”

Na buɗe baki in amsa, sai na ji ya janye wayar daga kunnensa. Muryarsa ta yi nisa, ta kuma yi rauni, ba da ni yake ba.

“Kai ma, Murtala. An daɗe da samo wata. Aje babur ɗin ga ka shiga.”